A-kori-kura da Shinkafar Adda

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da Hausa a wata sakandare a Gwandu, kuma cikin duk kalmomin da na rubuta a allo babu wadda ta jawo mini gardama kamar a-kori-kura. Ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ke ɗaukar mutum biyu ko uku a gaba, a baya kuma ta kwashi duk abin da Allah ya hore, buhuna ne, tumaki ne, ko 'yan cin kasuwa. Yaran yanzu duk motar da ta yi tsayi ta yi manyan tayoyi sai su ce jif. Nakan ce musu jif kalmar aro ce, daga bakin Turawa ta zo, an ce sunan wata motar sojansu ce tun zamanin yaƙi, mu dai mun karɓa mun lanƙwasa ta yadda harshenmu zai iya. A-kori-kura kuwa tamu ce, babu wanda ya ara mana. Wani ne cikinmu ya dubi motar, ya ga irin aikinta, ya raɗa mata suna, sunan ya bi ta.

To wace kurar aka kora? A nan ake rabuwa. Wasu sun ce kurar daji ce, domin motar takan kutsa hanyoyin da a da matafiyi ba ya bi shi kaɗai, rugugin injinta ya watsa duk abin da ke laɓe a sunƙuru. Wasu kuma sun ce a'a, kurar katako ce, wadda ƙarti ke turawa da kaya daga tasha zuwa kasuwa, motar ta zo ta ƙwace mata ciniki. A aji nakan kawo duka biyun in ce Allah ne masani. A raina dai na fi son ta farko, ba don ina da hujja ba, sai don ta fi daɗin faɗa.

Wannan bincike ne ya haɗa ni da wani tsohon direba a tashar Kalgo. Na je wurinsa da littafina da alƙalami, na zauna a bencinsa ina ta jero tambayoyi, shi kuwa yana cin goro yana kallona kamar wanda ya zo sayen abin da ba a sayarwa. Da na gama sai ya ce, "Malam, kai ka san sunanta, ni halinta nis sani. Wa yah hi wani?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini. Daga nan muka saba, duk sanda na bi ta Kalgo sai na tsaya mun gaisa. Shekarar da na yi ritaya idanunsa sun fara rauni, 'ya'yansa suka hana shi tuƙi, ni kuma aka biya ni kuɗin sallama. Ban yi shawara da kowa ba, na saye motarsa.

Tsohuwa ce tukuf. Asalin fentinta fari ne, amma sai an rantse maka. Ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, salansarta kuwa tana sanar da zuwana tun ina bayan gari. Ranar da na karɓe ta na tarar da buhu biyu na yashi a baya, an jera su daidai saman tayoyi. Na ce a sauke. Tsohon ya ce, "Bar su nan, Malam, damana na tahe." Na ce to, don kada in yi musu da babba, amma ina isa Gwandu na zubar da yashin a ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya. A ganina tsufa ne ya sa shi yawo da shara.

Ba'a kam na sha ta. Maiɗakina ta ce abokan aikina da suka yi ritaya wani ya tafi Makka, wani ya sayi jif mai sanyi, ni kuwa na sayo abin da ko akuya sai an ja ta za ta shiga. A majalisarmu suka fara kirana ɗan kamasho. Duk wannan bai dame ni ba kamar maganar yayata, wadda muke kira Adda. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta goya ni, ta kai ni makaranta da bulala a hannu, har yau kuma da furfurata ba ta kirana da komai sai Auta. Ranar da na fara kai mata motar Diggi, garin da ta yi aure, ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta taɓa igiyar ƙofar, ta ce, "Auta, dud karatun nan naka, nan yaƙ ƙare?" Wallahi na ji zafin maganar, har na ƙi cin abincin da ta kawo.

Mijin Adda ya rasu 'yan shekarun baya, ya bar mata gona ɗaya a fadama da jikoki cike da gida. Wannan gonar ita ce tukunyarsu. Abin da ta bayar na shinkafa shi ake ci har shekara ta zagayo, shi ake ɗiba a sayar in ciwo ya zo, a cikinsa ake ware iri. A shekarar da nake ba da labari injin ban ruwanta ya lalace a tsakiyar rani, dashe ya makara, saboda haka sai da damina ta kankama sannan shinkafarta ta nuna. Maƙwabtanta sun daɗe da kwashe tasu. An yanke mata, an buge a jikin duro, mata sun sheƙe, an ɗura a buhuna an tara bisa tamfol a tsakiyar gona, ana jiran abin ɗauka.

Wata safiya, na idar da sallar asuba ke nan, sai ga wayarta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Auta, ruwa sun taso. An yi ruwa can sama kwana biyu, gulbi ya cika, ya hwara shiga hwadama. Masu raƙuma sun ce ba su shiga laka. Amalanken shanu dud an kama su. In ba a hidda shinkahwag ga yau ba, ta tahi."

Na ce, "Adda, motar da karatu ya ƙare a kanta kike nema?"

Ta ce, "Kai, ba ni da lokacin shegantaka. Zaka!"

A muryarta na ji abin da ban taɓa ji ba tun ina yaro, wato tsoro. Nan take wasan ya fita daga raina. Na zura riga, na tayar da mota, na bi ta Birni na wuce Kalgo, hantsi bai gama ɗagawa ba na isa Diggi.

A ƙofar gida na tarar an taru. Akwai matan unguwa su bakwai ko takwas, waɗanda suka yi mata shiƙa, akwai maza majiya ƙarfi, ga kuma ƙanen marigayi mijinta, dattijo ne da ya girme ni, manomi tun tasowarsa, wanda duk wani aikin gayya a unguwar shi ke tsara shi. Kowa ya ɗare bayan motar, muka nufi fadama. Hanyar ta bi ta kan tudu, sannan ta gangara ƙasa ta wani gangare mai ɗan tsawo, daga gindinsa zuwa gonar kuma tafiya ce kaɗan. Da muka zo gangaren na lura saman ƙasar yana sheƙi, laka ce mai santsi da ruwan jiya ya jiƙa. Muka sauka lafiya, ban kawo komai a raina ba.

Daga gonar ana hango ruwan. Bai zo da gudu ba, shimfiɗowa yake yi a hankali ta cikin kunyoyin maƙwabta, yana cika wannan ya tsallaka waccan. Dattijon ya kafa kara a bakin ruwan don mu riƙa gane saurinsa. Kafin mu gama loda sahun farko karan ya nutse rabi. Na ƙiyasta buhunan, na ga sai an yi sahu huɗu.

Na ja motar zuwa gindin gangaren, ina shirin hawa, sai dattijon ya sha gabana yana ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam! Ina za ka da kaya? Wanga wuri ba a hawanai da kaya. A sauke, ta hau wayam, mu ɗauko bisa kai mu ishe ta sama."

Haka suke yi tun kaka da kakanni. Jaki in ya zo nan da kaya a damina, sauke masa ake yi. Shanun amalanke ma haka, a rage musu, su hau, a sake lodawa a sama. Duk wanda ya tashi a fadamar ya san wannan kamar yadda ya san hanyar masallaci, kuma gaskiyarsu ce, dabba da nauyi a baya ba ta hawa santsi. Ni kuwa malamin makaranta ne da bai shekara da fara tuƙin motar kaya ba. Garinsa ne, gangarensa ne, ya kuma girme ni. Na ce to. Aka sauke buhunan tas, aka jera su a gefe.

Na sa giya, na taka totur. Motar ta yi sama kamar da gaske, tana kai tsakiya sai tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya, suna feshin laka. Bayanta ya karkace hagu, ya dawo dama, ta sulalo ƙasa da baya. Na sake gwadawa da gudu, ta sake sulalowa. A karo na uku maza suka sa kafaɗa suna turawa, laka ta wanke su tun daga hula har ƙafa, motar ta juya gicciye, saura ƙiris tayar baya ta faɗa kwatar da ke gefe. Na kashe injin.

Wani daga cikin mazan ya share fuska ya ce, yadda zan ji, "Wagga ko kare ba ta kora, balle kura." Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi in abu ya ɓaci. Wani ya ce da jif ce da tuni an wuce wurin. Dattijon ya ce a bar motar, a fara jida da kai, abin da aka samu shi ne rabo. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Daga gona zuwa tudu da buhu a kai, cikin santsi, ko kashi ɗaya cikin uku ba za a fitar ba kafin ruwa ya iso. Na dubi Adda. Tana tsaye ta riƙe ƙugu, ba ta kallon kowa, bakinta yana motsi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Na fito na zagaya bayan motar, don dai kada in tsaya ana kallona. Na sa ƙafa inda tayar ta yi ta juyawa, sai na ji ba rami ta haƙa ba. Santsin bai fi kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa ƙasa ce mai tauri. Na danna bodin da hannu, ya yi sama ya yi ƙasa, ba nauyi ko kaɗan. A nan buhunan yashin tsohon direba suka faɗo mini a rai, da inda ya jera su, da abin da ya ce game da damina. Wannan mota da tayoyin baya take tura kanta. In babu abin da ya danne su, ba za su ciji ƙasa ba, sai dai su yi ta shafar ta. Mun ɗauke ta jaki, mun cire mata abin da take tsayawa da shi.

Na ce, "A maida kayan."

Dattijon ya juyo. "Mi kac ce?"

"Na ce a maida buhunan, Alhaji. Nauyin take so. Da kaya za ta hau."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, ba aji muke ba. Abin da yak kasa hawa wayam, shi ka hawa da kaya? Ka taɓa ganin inda anka yi haka?"

Mazan duk suka goyi bayansa, kuma ban ga laifinsu ba, sun sauke da wahala, sun sha laka, yanzu baƙo yana cewa su sake ɗorawa. Zuciya ta ɗebe ni, na buɗe baki zan faɗi maganar da na san zan yi nadamarta, sai na haɗiye. Ba ni da bakin da zan ƙaryata dattijo a gaban mutanensa. Amma akwai mai wannan bakin. A wurinmu ƙanen miji abokin wasan matar wa ne, abin da za ta gaya masa a yi dariya, wani in ya faɗa sai an kai ga mai unguwa.

Adda ta matso ta tsaya a gabana. Ta ce, "Auta, ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Adda."

Ta ɗan jima tana duban idona, yadda take yi in na dawo daga makaranta tana son ta gane ko ƙarya nake. Sannan ta juya wurin dattijon.

"Kai maigida, jakinka ta ko matakka, da kas san halinta? Kai da ko keke ba ka iya ba, kullum cikin kwata aka tsamo ka! Shinkahwata ta, in ta nutse ni ka kwana da yunwa, ba kai ba. Ku ɗora!"

Mata suka fashe da dariya, shi ma dattijon bai san sanda ya murmusa ba. Ya ce, "To, uwargida, in ta kihe ba ruwana." Shi ya fara kama kunnen buhu.

Muka daidaita motar a gindin gangaren. Na sa aka jera buhunan daidai saman tayoyin baya, aka ɗora wasu a kai. Na rage wa tayoyin iska kaɗan, kamar yadda na sha ganin direbobi suna yi a yashi. Mata suka kwaso ciyawar shinkafar da aka buge suka shimfiɗa a kan sawun, tun daga ƙasa har sama. Na duba, na ga har yanzu ina son ƙarin nauyi, na ce ko mutum uku su hau. Mazan suka tsaya kallon juna, babu mai son ya kife da mota. Adda ta ɗaure zanenta tamau, ta taka taya, ta haye bisa buhunan, tsohuwa mai jikoki. Ta ce, "Mata, ku zaka, mazan garin ga sun ƙare." Huɗu suka bi ta, har da wata mai jiki wadda da ta zauna sai da motar ta yi ƙara.

Na yi bisimilla na tayar. Wannan karon ban yi gudu ba. Na sa giya ta biyu, na taka totur daidai wa daida, na riƙe ƙafata a nan. Motar ta fara hawa tana gurnani. Da muka zo inda take sulalowa na ji bayanta ya ɗan motsa, amma sai na ji tayoyin sun kama, wani irin kamu da na ji shi har cikin kujerata. Ta ci gaba, taku bayan taku, ciyawa da laka suna tashi a baya. Ban waiwaya ba, ban ɗaga ƙafa ba, sai da na ga hancinta ya daidaita a kan tudu.

Guɗar da ta tashi a bayana ban taɓa jin irinta ba, ko ranar aurena. Adda ce ta fara, sauran suka karɓa, mazan da ke ƙasa suka hau kabbara suna jefa huluna sama. Na fito daga motar ina dariya hawaye suna zuba, ban kuma ɓoye su ba. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ba ni takardar gama karatu. Dattijon ya hauro yana haki, ya dafa bodin motar, ya ce, "Malam, na ƙi ji, na gani." Sannan ya daka wa mazan tsawa su sauke da sauri, ruwa ba ya jiran guɗa.

Komawa ƙasa ma ba mu yarda ta tafi wayam ba, kowane sahu mutane ke cika ta. A na biyu maza har rige-rigen hawa suke yi. A na uku ruwa ya shigo gonar ta gefen yamma. A na huɗu cikin ruwa muka yi lodi, yana kai mana idon sawu, buhunan ƙasa guda biyu sun fara jiƙa, muka ɗora su a sama don a shanya. Adda ta ƙi barin gonar sai da aka naɗe tamfol, ta tsince zangarniyar da ta zube ta ƙulle a bakin zane. Ana kiran la'asar buhu na ƙarshe ya shiga ɗakinta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tana dubansu, sannan ta ce a ware na zakka tun kafin kowa ya zauna.

Na kwana biyu a Diggi, jikina duk ya yi tsami. A rana ta uku da hantsi ta ce in kai ta ta ga gonar. Muka tsaya a kan tudu, domin gangaren kansa rabinsa ya nutse. Babu gona, babu kunyoyi, babu alamar inda aka tara buhuna, ruwa ne shimfiɗe iyakar ganinka. Adda ta bi ruwan da ido. Ta ce a hankali, "Auta, da yanzu mi ni ka ba yaran ga?" Ta kama hannuna ta riƙe, abin da rabonta da yi tun ina ɗan firamare.

Can sai ga wani masunci a jirginsa, ya zo daidai tsakiyar gonar ya jefa raga, ya jawo ta da nauyi. Adda ta saki hannuna, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya.

"Kai mai jirgi! Ka san gonaw wa kaka su ciki? Tawa ta! Ina kason mai gona?"

Mutumin ya yi dariya har jirgin yana tangaɗi. Ya tuƙo zuwa bakin tudu, ya zaɓi tarwaɗa biyu manya ya miƙo mata, ya ce, "Ga naki, Inna, a sa muna albarka." Ta karɓa ba ko godiyar kirki, kamar mai karɓar haƙƙinta, ta jefa su bayan mota.

Da rana ta sa aka surfa sabuwar shinkafar, ta tuƙa tuwo da hannunta, ta yi miyar kifin. Ta tara jikokin a tabarma, ta aika aka kira dattijon, ta ajiye mana akushi a gaba. Ta ce, "Ku ci da kyau. Bana gonag ga sau biyu munka girbe ta."